Dutsen Niƙa a Cikin Waya

Kafin injin niƙa ya iso ƙauyukanmu, kowane gida da dutsensa. Mace za ta durƙusa tun da asuba, ta yi ta kai da komo da ɗan dutse a kan babban, har dawa ta zama gari. Da injin ya zo, mai hali ta riƙa aika yaro da ƙwaryar hatsi da 'yan kuɗi, marar hali ta ci gaba da durƙuso. Bambanci ne a fili, kuma kuɗi ne ya kawo shi. Duk da haka ban taɓa jin wata tsohuwa ta kira mai injin azzalumi ba. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne: ba shi ya taurara ƙwayar dawa ba. Da taurinta aka halicce ta. Shi sauƙi ya kawo, ya sayi inji, ya zuba mai, ya sha ƙura, don haka ya cancanci ladan aikinsa.

Na kawo wannan ne saboda masu buga wasannin intanet a ƙasashen Turawa suna da wata kalma da suke kiran wani nau'in wahala da ita, kuma ma'anarta a Hausa ita ce niƙa. Abin da suke nufi shi ne maimaita aiki guda, kullum, ba don daɗinsa ba, sai don a tara maki ko sulalla da za a buɗe wani makami, ko wani gwarzo, ko wani mataki da su. Wasannin da aka fi samun wannan a cikinsu su ne waɗanda ake saukewa a waya kyauta: Free Fire na kamfanin Garena da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019, da kuma wasan ƙwallon kamfanin Konami, wanda muka taso muna kira PES, aka sauya masa suna zuwa eFootball a 2021 aka mayar da shi na kyauta. Duk wanda ya bi ta shagon cajin waya a garinmu Furfuri bayan sallar isha'i, ko ya zauna a majalisar samari a Gusau ko Tsafe, ya ga kawuna huɗu a sunkuye a kan wayoyi huɗu, ana kiran juna da a kawo ɗauki. A cikin kowane irin wannan wasa akwai hanya biyu zuwa abin da ɗan wasa yake so. Ko ya yi niƙa na makonni, ko ya biya ya samu yanzu. Tambayata ita ce: shin kamfanin da ya shimfiɗa waɗannan hanyoyi biyu matsayinsa ɗaya da mai injin niƙa?

Bari in fara da hujjar kamfanin, domin tana da ƙarfi, kuma wanda bai saurare ta ba bai yi adalci ba tun kafin ya fara maganar adalci. Wasan da mutum hamsin ko ɗari suke shiga fili ɗaya a lokaci ɗaya yana buƙatar manyan kwamfutoci da ba sa barci, da ma'aikata masu zane da masu gyara, kuma dukkansu albashi suke ci. A da, wasa sayensa ake yi, wanda ba shi da kuɗi sai leƙe ta taga. Tsarin kyauta ne ya buɗe ƙofa ga irinmu. Ɗan Furfuri mai ƙaramar waya yana shiga fili ɗaya da ɗan Legas da ɗan Alƙahira ba tare da ya biya ko kwabo ba. In kuwa haka ne, wane ne ya biya masa? Wanda ya sayi lu'ulu'u. Mai kuɗi ya biya da aljihunsa, marar kuɗi ya biya da lokacinsa, kowa ya ba da abin da yake da shi. Ƙari a kan haka, ba a ɗaure kowa ba. Wanda ya gaji, goge wasan bai fi danna yatsa biyu ba.

Na daɗe ina juya wannan hujja, kuma na yarda da rabinta. Kamfani ya ci riba ba laifi ba ne. Sayar da ado ma, irin riga ko fentin bindiga da ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi, ban ga zalunci a cikinsa ba, kamar yadda ɗan kokawa da ya shigo fili da layu da ado na tsada bai tauye wa abokin karawarsa komai ba. Inda na rabu da ita shi ne wurin da ta ɗauki wahalar niƙan tamkar abin da aka tarar, kamar taurin dawa. A cikin wasa babu abin da aka tarar. Wani ma'aikaci ne ya zauna ya rubuta cewa wannan gwarzo sai an tara sulalla kaza, kuma kowace karawa sulalla kaza take bayarwa. Da ya so, da ya rubuta rabin haka, ko ninkinsa goma. Wanda ya taurara hatsin shi ne mai injin. Kuma duk lokacin da mai sayar da magani ya zama shi ne mai iko da ciwon, akwai abin da zai riƙa raya masa cewa kada ciwon ya yi sauƙi da yawa.

Wannan ba zato ba ne kawai. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin Electronic Arts ya fitar da Star Wars Battlefront II, wasan da ma ba na kyauta ba ne, sayensa ake yi. 'Yan wasa suka lissafa cewa buɗe ɗaya daga cikin manyan gwarazansa zai ci kimanin awa 40 na niƙa ga wanda bai ƙara kuɗi ba. Da hayaniya ta yi yawa, kamfanin ya rage farashin gwarazan da kashi 75 cikin ɗari a cikin 'yan kwanaki. Abin lura a nan shi ne saurin ragin. Wahalar da za a iya zubar da kashi uku cikin huɗunta a dare ɗaya, wasan kuma bai lalace ba, ashe tun farko ba don wasan aka sa ta ba.

To, ai wahala ita ce gishirin wasa, wani zai ce. Gaskiya ne, kuma a nan ne maganar take da zurfi. Wani masanin falsafa da ya koyar a Kanada, Bernard Suits, ya yi bayani a littafinsa na 1978 cewa wasa shi ne mutum ya ɗora wa kansa cikas da bai zama dole ba, da yardarsa, don ya ji daɗin tsallake shi. Ba sai mun je Kanada ba kafin mu gane haka. Ɗan langa yana da ƙafa biyu lafiyayyu, amma ya kama ɗaya da hannu ya yi ta tsalle da ɗaya. Riƙon ƙafar nan wahala ce, kuma ita ce langar kanta. Mai dara yana da 'ya'ya goma sha biyu, abokin karawarsa ma goma sha biyu, a gurabe talatin da aka tona a ƙasa, kuma ba ya cin ɗan kowa sai ya jera uku. Ɗan sarki da ɗan talaka in suka zauna gindin bishiya, lissafin nan ba ya sauyawa. Yanzu mai karatu ya ƙaddara an ce a filin langa duk wanda ya ba alƙalin wasa naira ɗari zai iya sauke ƙafarsa na minti ɗaya. Ba za mu ce an sauƙaƙa langa ba. Za mu ce an kashe ta, domin wanda ya sauke ƙafa ya daina langa, wanda kuma bai sauke ba ya zama abin turewa.

Ga ma'aunin da na samu daga nan. Cikas iri biyu ne. Akwai wanda in aka cire shi wasan ya mutu, akwai wanda in aka cire shi wasan ya ƙara daɗi. Na farko shi ne koyon saiti, da sanin lungunan fili, da fahimtar lokacin kai hari da lokacin ja da baya. Wannan ba ya sayuwa, kuma wanda ya sha wahalarsa ya fita da wani abu a hannunsa da idonsa. Na biyu shi ne a ce ka shiga kullum na kwana talatin, ko ka buga karawa ɗari ko da barci kake ji. Wanda ya gama wannan bai ƙara gwaninta ba, haƙuri kawai aka auna masa. Hanyar gane na biyu kuwa mai sauƙi ce: shi ne wanda ake sayar da tsallake shi. Ba wanda zai biya kuɗi don a raba shi da abin da yake jin daɗinsa. Ranar da kamfani ya sa wa wani sashe na wasansa farashin tsallakewa, ya shaida da bakinsa cewa ya san sashen ba daɗi gare shi ba.

Sai kuma batun cewa marar kuɗi yana biya da lokacinsa. Maganar tana da daɗin ji, kamar lokaci wani abu ne da aka raba wa 'yan Adam daidai wa daida. Awa ɗaya a cikin wasa a Furfuri ba kyauta ba ce. Tana cin data, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Tana cin caji, cajin kuma a shagon mai janareta ake yinsa, janaretan kuma fetur yake sha, fetur ɗin da farashinsa ya yi tashin gwauron zabi tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Da damina tana cin lokacin gona. Ga jinkirin sabis, wanda kan sa ka danna harbi bayan an riga an kashe ka a wayar abokin gaba. Saboda haka wanda ake cewa yana wasa kyauta yana biya, sai dai kuɗin nasa ba ya shiga lissafin wasan, ba ya kuma ƙara masa ko maki ɗaya.

Mu a Zamfara mun ga ƙarshen wannan lissafi. A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni babu kira babu intanet. Ina jin nauyin ambaton wasa a kusa da wannan al'amari, domin abin da mutane suka rasa a wancan lokaci ya fi ƙarfin a haɗa shi da sulallan waya: ciniki ya tsaya, 'yan uwa sun kasa jin ɗuriyar juna. Amma ƙaramin abu yakan nuna siffar babba. Da sabis ya dawo, wani ƙanena ya buɗe wasan da ya yi watanni yana yi wa hidima, ya tarar zangon gasar ya ƙare, kyautar da yake dab da kaiwa ta wuce, jerin kwanakin shigarsa ya koma sifili. Wasan bai san Zamfara ba. A wurinsa yaron malalaci ne da ya yi fashi. Amma shagon wasan yana nan a buɗe, da tayin cewa in ya biya zai cike wani abu daga giɓin. Dokar da ta hau kowa daidai a rubuce ba lallai ta hau kowa daidai a ƙasa ba, musamman in ƙofar fita daga hukuncinta kuɗi ce.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna, kuma ba kasafai ake faɗarsa ba. Me mai kuɗi yake saye in ya sayi makami mai ƙarfi? Ba makamin ba, domin makami a filin da babu kowa ba shi da amfani. Fifiko yake saye, fifiko kuma sai da wanda aka fi. A cikin masana'antar, manyan masu kashe kuɗi ana kiransu da sunan dabbar nan mafi girma a teku, da a wajenmu ne sai mu ce giwan ruwa. Giwan ruwa kuwa ba ya rayuwa a tafkin da babu ƙananan kifaye. Ashe ɗan wasan kyauta ba baƙon da aka yi wa alfarma ba ne, yana cikin hajar da aka kasa. A watan Oktoba na 2017 hukumomin Amurka suka ba kamfanin Activision rajistar mallakar wata dabara ta haɗa 'yan wasa, inda za a iya haɗa sabon shiga da gwanin da ke riƙe da wani makami na saye, don sabon ya yi sha'awar sayen irinsa. Kamfanin ya ce bincike ne kawai, bai sa dabarar a cikin wani wasa ba, kuma ba ni da hujjar ƙaryata shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an zauna an yi tunanin, har an ga ya cancanci rajista.

A makarantar zaure, lokacin da muka kai babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani, an koya mana cewa ƙodago yana halatta ne in an yanke wa'adi kuma an ambaci lada. An koya mana haramcin garari, wato cinikin abin da ba a san ko za a samu ba, ko ba a san nawa ne ba, kamar kifi a ruwa ko ɗan tayi a ciki. Ni ba malami ba ne, fatawa kuma tana da masu ita. Amma hankalin da ke cikin waɗannan ƙa'idoji ya isa ya haska abin da muke magana a kai. Yawancin wasannin nan ba sa sayar maka da abin da kake so kai tsaye. Akwatin sa'a suke sayarwa, ko juya wata ƙafa mai kama da ta 'yan caca, ko jawo katin ɗan ƙwallo daga cikin tari, wataƙila ka dace wataƙila ka sake biya. Ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane abu a irin waɗannan akwatuna tun daga watan Mayu na 2017. Hukumar kula da caca ta Beljiyam kuwa, a watan Afrilu na 2018, ta yanke cewa akwatunan da ake saye da kuɗi a wasu manyan wasanni caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar. Mutanen da ba su karanta Risala ba sun iso kusa da inda ta tsaya.

Ko da an bayyana lissafin, mudun yana hannun mai shago, kuma yana iya sauya girmansa bayan an gama ciniki. A watan Disamba na 2020 Free Fire ya fito da wani gwarzo mai suna Chrono, wanda aka zana da siffar Cristiano Ronaldo, yana da garkuwar da ke tare harsashi. Mutane da yawa sun kashe lu'ulu'u don su mallake shi. Bayan 'yan watanni aka rage masa ƙarfi, daga baya aka sake ragewa. Ragin ya gyara wasan, ban musa ba, waɗanda ba su da shi sun numfasa. Sai dai duba yadda abin ya zagayo: an sayar da fifiko, an karɓi kuɗin, sannan aka janye fifikon da sunan adalci. Marar kuɗi ya sha duka na watanni, mai kuɗi ya wayi gari da abin da bai kai wanda ya saya ba. A kasuwar Bungudu, wanda ya auna da babban mudu in zai saya, ya auna da ƙarami in zai sayar, sunansa sananne ne, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da aka buɗe da gargaɗinsa.

Shekarar 2024 ta nuna mana niƙa tsirara, ba tare da rigar wasa mai kauri ba. Bayan Notcoin ta fashe a watan Mayu, wasu suka samu 'yan kuɗi, sai Arewa ta rufta cikin danne-dannen waya a Telegram. Hamster Kombat ta fi kowacce jan jama'a, masu ita sun ce mutum miliyan 300 ne suka shiga. Magidanta da matan aure da ɗalibai suka yi watanni suna danna hoton wani ɓera, suna neman lambobin sirri na kullum, suna gayyato 'yan uwa, ba tare da an taɓa gaya musu nawa ne ladan ba. Da ranar 26 ga Satumba ta zo aka raba, da yawa suka ga abin da bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Aka yi ta zagi da barkwanci na mako guda, sannan aka koma neman wata. Ƙodago ne da ba a ambaci lada ba, kuma mai gonar ne kaɗai ya san yawan damman da aka girbe.

Wasu samarinmu sun samo wa kansu mafita da ta ba ni sha'awa. Sukan yi wa akawun niƙa na watanni har ya yi nauyi da makamai da gwaraza, sannan su sayar wa wanda ke da kuɗi amma ba shi da haƙuri, kamar mai kiwon rago don kasuwar layya. A ganina wannan ya fi kusa da mai injin niƙa na gaskiya, domin yaron bai taurara komai ba, wahalar da ya tarar ya ɗauke wa wani, aka biya shi. Amma sharuɗɗan da muke danna amincewa da su ba tare da karantawa ba galibi sun haramta wannan ciniki. A cikinsu akawun ba mallakarka ba ne, izinin amfani aka ba ka, kuma ana iya rufe shi. Kamfani yana da damar sayar da tsallake wahalar da shi ya ƙirƙira, wanda ya sha wahalar da jikinsa ba shi da damar sayar da guminsa. Gonar aro ce, mai ita kuma bai yi alkawarin shekara nawa ba. Wani lokaci ma ba shi ne zai karɓe ba. Gwamnatin Indiya ta haramta PUBG Mobile a watan Satumba na 2020, ta haramta Free Fire a watan Fabrairu na 2022, kuma waɗanda suka shekara suna tara lu'ulu'u a can sun kwana da dukiya sun tashi da hoto a waya.